Kason Kaso: Matsayin Nasaba Wajen Warware Tambayoyin Lissafi na Zube a Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci tambayoyin lissafi na zube waɗanda ake neman kaso daga cikin wani kaso, kamar rabin sulusi ko rubu'in ushuri. Manufarta ita ce ta nuna cewa mafi yawan wahalar irin waɗannan tambayoyi tana tattare da fahimtar jimla, domin kowane kaso yana jingine ne da wani cikakken abu, kuma harafin nasaba ne yake bayyana wannan abu. An bi sunayen kaso da Hausa take amfani da su, an fayyace dalilin da ya sa nasaba take komawa ninkawa a lissafi, sannan an kawo matakan warwarewa tare da misalai daga noma da kasuwanci da zakka da rabon gado. Maƙalar ta gano cewa Hausa ta daɗe da mallakar kalmomi da tsarin jimla na wannan lissafi, kuma kurakuran da aka fi yi suna tasowa ne daga wurare huɗu na nahawu da ma'ana.

Fitilun kalmomi: kaso, nasaba, ninkawa, zakka, gado

1.0 Gabatarwa

Tambayar lissafi ta zube ita ce wadda ake kawo ta cikin labari ko zance, a bar wa mai amsawa aikin fitar da alƙaluma da kansa. Idan aka rubuta 1/2 × 1/3, aiki ya zo da sauƙi, domin an riga an faɗi abin da za a yi. Amma idan aka ce wani manomi ya sayar da sulusin amfanin gonarsa, ya biya bashi da rabin kuɗin, aka tambayi kason amfanin da ya tafi wajen biyan bashi, to wajibi ne a fara fahimtar maganar kafin a taɓa alƙalami. A wannan gaɓa ce masu koyo suke yawan tuntuɓe.

Batun ya shafi masu nazarin Hausa ta fuskoki biyu. Ta farko ita ce koyarwa. A shekarar 1977 manufar ilimi ta ƙasa a Nijeriya ta tanadi a koyar da yara da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsu a shekarun farko na firamare, kuma hakan ba ya yiwuwa a darasin lissafi sai an tantance yadda harshen yake faɗin abin da alƙaluma suke nufi. Ta biyu ita ce rayuwar yau da kullum. Jimla guda a takardar rabon gado tana iya ninka rabon magaji ko ta rage shi da rabi, gwargwadon abin da aka jingina kaso da shi.

A wannan maƙala, kalmar kaso tana nufin ɓangaren abu da aka raba daidai wa daida. Lambar ƙasa tana nuna gida nawa aka raba abin, lambar sama kuma tana nuna gida nawa aka ɗauka. Abin da aka raba ɗin shi ne za a riƙa kira cikakke.

2.0 Sunayen Kaso a Hausa

Hausa tana da hanyoyi biyu na ambaton kaso. Ta farko ita ce amfani da suna guda: rabi (1/2), sulusi (1/3), rubu'i (1/4), humusi (1/5), sudusi (1/6), subu'i (1/7), sumuni ko tumuni (1/8), tusu'i (1/9) da ushuri (1/10). Ban da rabi, wanda ya samo asali daga aikatau raba, sauran duk aro ne daga Larabci, kuma ko rabin ma yana da takwaransa na aro, wato nusufi. Hanya ta biyu ita ce ta siffantawa, kamar kashi ɗaya bisa uku ko kashi biyu cikin biyar. Ita ce ake komawa gare ta idan lambar ƙasa ta wuce goma.

Waɗannan sunaye tara su ne masana hisabi na Larabawa suke kira kasusuwa tara masu suna. Bahā'uddin al-Amili, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 17, ya kasa kaso gida huɗu a littafinsa Khulasatul Hisab: tilo kamar sulusi, maimaitacce kamar sulusi biyu, jinginanne kamar rabin sudusi, da kuma haɗaɗɗe kamar rabi da sulusi. Abin lura shi ne sunan da ya ba wa kason kaso, wato mudafi, kalma ce ta nahawu wadda take nufin sunan da aka jingina wa wani suna. Ke nan tun a wancan zamani an gane cewa nahawu ne yake rarrabe wannan nau'i daga sauran.

Bahaushe ya saba da kason kaso tun kafin zuwan makarantar boko. A makarantar allo an kasa Alƙur'ani izu 60, an kuma kasa kowane izu zuwa nusufi biyu, rubu'i huɗu da sumuni takwas. Almajirin da ya ce ya haddace sumuni yana nufin sumunin izu, wato 1/8 na 1/60, wanda shi ne 1/480 na Alƙur'ani. Haka kuma ya san cewa sumuni rabin rubu'i ne, rubu'i kuma rabin nusufi.

Kuɗin da aka yi amfani da su a Nijeriya kafin shigowar naira a 1973 su ma suna da irin wannan tsari. Fam ɗaya sule 20 ce, sule kwabo 12 ne, sisi kwabo 6, taro kuma kwabo 3. Sisi rabin sule ne, taro rabin sisi, saboda haka taro rabin rabin sule ne, wato rubu'insa. Idan aka auna shi da fam, taro ya zama 1/4 na 1/20, wato 1/80. 'Yan kasuwa sun riƙa yin wannan lissafi da ka, ba tare da sun rubuta lamba a bisa lamba ba.

3.0 Yadda Nasaba Take Komawa Ninkawa

3.1 Tsarin Jimla

Hausa tana jingina suna da suna ta hanyar nasaba. Gajeriyar nasaba ita ce -n ko -r da ake liƙa wa ƙarshen suna, doguwa kuma ita ce na ko ta. Sunayen kaso guda tara duk jinsin namiji ne, don haka -n suke ɗauka: rabin gona, sulusin dare, rubu'in sa'a. Idan kason na siffantawa ne, sai a koma ga doguwar nasaba: kashi biyu bisa uku na gonar.

A kowane hali, abin da ya biyo bayan nasaba shi ne cikakken da ake rabawa. A rabin gona, gona ce cikakke. A rabin sulusin gona kuwa nasaba biyu ce, kowace da nata cikakken: sulusi yana jingine da gona, rabi kuma yana jingine da sulusin. Wannan ya nuna cewa ana faɗin yankin jimlar daga farko zuwa ƙarshe, amma ana aiwatar da shi daga ƙarshe zuwa farko. Sai an sami gona ake fitar da sulusi, sai an fitar da sulusi ake raba shi biyu.

3.2 Dalilin Ninkawa

Dokar lissafi ta ce a ninka lambar sama da ta sama, ta ƙasa da ta ƙasa. Ana iya ganin dalilinta a cikin kalmar ninka kanta, wadda ma'anarta ta asali ita ce lanƙwasa abu a kan kansa. Idan aka ninke zane gida uku, kowane fefe sulusin zanen ne. Idan aka sake ninke shi gida biyu, aka warware, za a tarar da gidaje shida daidai wa daida. Rabin sulusi ya zama gida ɗaya cikin shida, wato sudusi:

1/2 × 1/3 = 1/6

Abin da ya ƙaru shi ne yawan gidaje, girman kowane gida kuwa raguwa ya yi. Wannan ne dalilin ninka lambobin ƙasa.

Ana ganin dalilin ninka lambobin sama a misalin gona mai kunya 12. An shuka hatsi a kashi uku bisa huɗu na gonar, wato kunya 9. Kashi biyu bisa uku na wurin hatsin gero ne, wato kunya 6. A rubuce:

2/3 × 3/4 = 6/12 = 1/2

Raba gonar gida huɗu, sannan a raba kowane gida uku, ya ba da 12. Daga gidaje uku da aka zaɓa, an ɗauki biyu-biyu a kowane, ya ba da 6. Rabin gonar ke nan gero ne.

Idan aka juya tsarin, aka fara da kashi biyu bisa uku na kunya 12, za a sami 8, kuma kashi uku bisa huɗu na 8 shi ne 6. Amsar ba ta sauya ba. Sulusin rabi da rabin sulusi adadi ɗaya ne, ko da yake labarin da ya haifar da kowannensu daban ne.

4.0 Matakan Warwarewa

Ana iya taƙaita aikin a matakai huɗu. Na farko, a gano cikakken farko, wato abin da labarin ya fara da shi. Na biyu, a bi kowane kaso a tambayi abin da yake jingine da shi. Na uku, a mayar da kowace nasaba ninkawa. Na huɗu, a duba tambayar ƙarshe a ga da wane cikakke ake son a auna amsar. Tambayoyin sun kasu gida uku.

4.1 Kason Kaso Kai Tsaye

A wani aji, kashi uku bisa biyar na ɗalibai mata ne. Sulusin matan suna zuwa da ƙafa. Wane kaso na ajin ne mata masu zuwa da ƙafa?

Cikakken farko shi ne aji. Sulusi yana jingine da matan, matan kuma 3/5 ne na aji. Saboda haka:

1/3 × 3/5 = 3/15 = 1/5

Humusin ajin ke nan. Ana iya tabbatarwa da kowane adadi da ya rabu: idan ɗalibai 45 ne, mata 27 ne, sulusinsu 9, kuma 9 humusin 45 ne.

4.2 Kason Saura

Wani manomi ya sami buhun gero 60. Ya fitar da ushuri na zakka, sannan ya sayar da sulusin abin da ya rage. Wane kaso na amfanin gonar ya sayar?

A nan ba a ambaci cikakke na biyu da lamba ba, an ɓoye shi cikin abin da ya rage. Wajibi ne a yi ɗebewa kafin ninkawa. Bayan ushuri, saura 9/10, wato buhu 54. Sulusinsa:

1/3 × 9/10 = 9/30 = 3/10

Buhu 18 ke nan ya sayar, ya ajiye 36. Da tambayar ta ce sulusin amfanin gonar, da buhu 20 za a samu. Bambancin buhu biyu ya fito ne daga kalmar da ta biyo bayan nasaba.

4.3 Komawa Baya Zuwa Cikakke

Wata mai ƙuli-ƙuli ta kashe kashi biyu bisa biyar na jarinta wajen sayen gyaɗa, ta kashe rabin saura wajen itace da niƙa, naira 9,000 ta rage a hannunta. Nawa ne jarin?

Bayan gyaɗa, saura 3/5. Bayan an kashe rabin wannan, ɗaya rabin ne ya rage: 1/2 × 3/5 = 3/10. Tun da gida uku cikin goma sun yi daidai da naira 9,000, gida ɗaya naira 3,000 ne, jarin kuma naira 30,000. Ana iya bin sawun labarin da baya: 9,000 rabin 18,000 ne, 18,000 kuma gida uku ne cikin biyar, kowane gida 6,000, jimla 30,000. Hanyoyin biyu sun haɗu a wuri ɗaya, kuma ta biyun ta fi kusa da yadda ake lissafi da ka a kasuwa.

5.0 Kason Kaso a Zakka da Gado

Fagen da wannan lissafi ya fi nauyi a ƙasar Hausa shi ne fiƙihu. Tun a ƙarni na 9, al-Khawarizmi ya keɓe babban sashe na littafinsa na aljabara ga mas'alolin wasiyya da gado, abin da yake nuna daɗewar alaƙar fannonin biyu.

5.1 Zakka

Zakkar amfanin gona da ruwan sama ya shayar ita ce ushuri. Wanda aka shayar da wahala, kamar ta jigo ko inji, rabin ushuri ne, wato 1/2 × 1/10 = 1/20. Idan rabin shayarwar na ruwan sama ne, rabi kuma na wahala, sai a haɗa kason kaso biyu: rabin ushuri da rabin rabin ushuri, wato 1/20 + 1/40 = 3/40, wanda malamai suke kira kashi uku bisa huɗu na ushuri.

Zakkar zinariya da azurfa kuwa rubu'in ushuri ce, kamar yadda ya zo a littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamai, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani. Nisabin azurfa dirhami 200 ne. Ushurinsa 20, rubu'in 20 kuma 5, saboda haka dirhami 5 ake fitarwa. Nisabin zinariya dinari 20 ne, ushurinsa 2, rubu'in 2 kuma rabin dinari. A alƙaluma, 1/4 × 1/10 = 1/40, wato kashi biyu da rabi cikin ɗari. A tsohon kuɗi wannan ya yi daidai da sisi ɗaya a kowace fam. Sunan rubu'in ushuri yana ɗauke da hanyar lissafinsa: a raba goma, sannan a raba huɗu.

5.2 Rabe-raben Gado Guda Shida

Kason gado da aka ƙayyade a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, guda shida ne: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Malaman fara'ili sukan jera su layi biyu domin sauƙin haddacewa. Layi na farko shi ne rabi, da rabinsa, da rabin rabinsa. Na biyu shi ne sulusi biyu, da rabinsu, da rabin rabinsu. Ke nan huɗu daga cikin shidan ana iya bayyana su a matsayin kason kaso.

5.3 Tumunin Takaba da Wasiyya

Matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya tana da tumuni, wanda Hausawa suke kira tumunin takaba. Idan matan sun wuce ɗaya, tumuni guda suke rabawa. A dukiyar naira 960,000, tumuni naira 120,000 ne. Idan mata uku ne, kowace ta sami sulusin tumuni, wato 1/24, naira 40,000. Idan huɗu ne, kowace ta sami rubu'in tumuni, wato 1/32, naira 30,000.

Wasiyya tana ƙara wani mataki, domin ana zartar da ita kafin rabo, kuma iyakarta sulusi. Idan mamacin ya yi wasiyya da cikakken sulusi, naira 320,000 ta fita, saura 640,000. Tumunin da za a ba matan na wannan saura ne, naira 80,000, wanda shi ne 1/12 na dukiyar farko. Kowace daga cikin mata huɗu za ta sami rubu'in tumunin sulusi biyu:

1/4 × 1/8 × 2/3 = 2/96 = 1/48

Naira 20,000 ke nan. Kaso uku ne a jere, kowanne da cikakkensa.

5.4 Sulusin Abin da Ya Rage

Misalin da ya fi fito da nauyin cikakke shi ne mas'aloli biyu da ake kira Garrawaini ko Umariyyataini, saboda hukuncin da Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya yi a kansu. A ta farko, mace ta rasu ba ta bar ɗa ba, magadanta su ne miji da uwa da uba. Miji yana da rabi. A ƙa'ida uwa tana da sulusi idan babu ɗa kuma babu 'yan'uwa biyu ko fiye. Tambayar ita ce: sulusin me?

A dukiyar naira 1,200,000, miji ya ɗauki 600,000. Idan aka ba uwa sulusin dukiya duka, za ta sami 400,000, uba ya tashi da 200,000. Idan kuwa aka ba ta sulusin abin da ya rage bayan rabon miji, za ta sami 1/3 × 1/2 = 1/6, wato 200,000, uba ya sami 400,000. Mafi rinjayen malamai, har da mazhabobi huɗu, sun tafi a kan na biyu, Abdullahi ɗan Abbas kuwa ya tafi a kan na farko.

A mas'ala ta biyu, namiji ne ya rasu ya bar mata da uwa da uba. Mata tana da rubu'i, naira 300,000, saura 900,000. Sulusin saura shi ne 1/3 × 3/4 = 1/4, wato 300,000, uba kuma ya sami 600,000. A duka mas'alolin an ci gaba da kiran rabon uwa sulusi, alhali idan aka auna shi da dukiya duka, sudusi ne a ta farko, rubu'i a ta biyu. Sunan kaso bai sauya ba, cikakken da aka jingina shi da shi ne ya sauya.

5.5 Munasaha

Idan magaji ya rasu kafin a raba gado, rabonsa yakan koma ga nasa magadan, kuma wannan shi ake kira munasaha. Alal misali, mace ta rasu ta bar miji da ɗa, rabon miji rubu'i ne. Kafin rabo mijin ya rasu, ya bar wata mata da 'ya'ya. Daga dukiyar ta farko, matar za ta sami tumunin rubu'i, wato 1/8 × 1/4 = 1/32. Duk jinkirin rabo da ya haɗa da wani rashi yana ƙara wa lissafin nasaba ɗaya.

6.0 Wuraren Tuntuɓe

Daga misalan da suka gabata ana iya tsamo wurare huɗu da kuskure yake ɓullowa.

Na farko shi ne rikita nasaba da mahaɗin da. Rabin sulusi 1/6 ne. Rabi da sulusi 5/6 ne, domin tarawa ake yi. Sulusi da rabinsa kuwa 1/3 + 1/6 ne, wato 1/2. Kalmomin kusan iri ɗaya ne, amma amsoshin uku ne. Akwai kuma sulusi da rabi, wanda yake ɗaukar ma'ana biyu, domin kunnen Bahaushe ya saba da buhu da rabi, inda rabin na buhun ne. Ya kamata mai tsara tambaya ya kauce wa wannan siga.

Na biyu shi ne rikita nasaba da madanganci, tun da siffarsu ɗaya ce a rubuce. A jimlar an ba babba rabin, an ba ƙarami sulusin, harafin -n yana nuni ne ga abin da aka riga aka sani, bai faɗi cikakke ba. Mai karatu ba zai iya tantance ko sulusin dukiya ake nufi ko sulusin saura ba. Irin wannan giɓi yana iya faruwa da wakilin suna: a ya sayar da sulusin hatsin, ya ba da rabinsa, ɗafin -sa yana iya komawa ga hatsin ko ga sulusin, tun da dukansu jinsin namiji ne. Amsar farko 1/2 ce, ta biyu 1/6.

Na uku shi ne yawan ma'anar kashi da cikin. Kashi uku yana iya nufin rukuni uku, ko gida uku daga wani adadi, ko uku cikin ɗari a bakin 'yan jarida. Haka cikin yana gabatar da lambar ƙasa a ɗaya cikin uku, amma yana gabatar da cikakke a sulusi daga cikin matan. Idan suka taru a jimla guda, kamar kashi ɗaya cikin uku daga cikin kashi uku cikin biyar, bakin zaren yakan ɓace. Keɓe bisa ga lambar ƙasa da na ga cikakke yana warware wannan: ɗaya bisa uku na uku bisa biyar.

Na huɗu ya shafi ma'ana. A maganar yau da kullum ninki yana nufin ƙaruwa, kamar a ce farashi ya ninka. Mai koyo da ya ga amsarsa ta fi lambobin da ya ninka ƙanƙanta yakan zaci kuskure ya yi, ya koma ga tarawa. Misalin ninke zane yana gyara wannan fahimta. Akwai kuma ma'auni mai sauƙi na duba amsa: kaso na abu ba ya kai abin girma, don haka idan rabin sulusi ya fito sama da sulusi, an kuskure hanya.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa warware tambayar kason kaso yana farawa ne da tantance abin da kowane kaso yake jingine da shi, kuma Hausa tana bayyana wannan da harafin nasaba. Da zarar an gano cikakke, sauran aikin ninkawa ce, tare da ɗebewa idan an ambaci saura. An kuma ga cewa sumunin izu, da taro, da rubu'in ushuri, da tumunin takaba, da sulusin abin da ya rage duk misalai ne da al'umma ta riga ta sani, waɗanda malamin lissafi zai iya farawa da su kafin ya kai ga alƙaluma.

Ana ba da shawarar masu rubuta littattafan lissafi da Hausa su riƙa ambaton cikakke a fili bayan kowane kaso, su guji wakilin suna inda zai iya komawa ga abu biyu, su kuma daidaita amfani da bisa da na. Wannan shawara ta shafi masu rubuta takardun wasiyya da na rabon gado, inda barin cikakke a ɓoye yake iya jawo husuma tsakanin magada. Akwai buƙatar a ƙara bincike kan yadda karin harsunan Hausa, musamman na Nijar inda ake ƙirga kuɗi da dala, suke faɗin kason kaso, domin a sami daidaitattun kalmomi da za su yi aiki a makarantun ƙasashen biyu.